Shirun da Illiyasu Tapisiye Ya Ɗinka

Illiyasu mijin yayata Sakinatu ne. Ke nan tun ranar da aka shafa fatiha na sami izinin tsokanarsa har tashin duniya, kuma ban taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga doguwar allura kullum soke a hularsa kamar eriyar rediyo. Ni Wahabu ina kiransa Sarkin Mazaunai, domin duk wanda ya hau motar haya daga Sokode zuwa Blitta ko Kambole, a kan ɗinkinsa ya zauna. Shi kuma yana ce mini Furofesa, don na maimaita aji ɗaya a kolej sau uku, har malamai suka fara miƙo mini hannu kamar abokin aikinsu.

Sana'arsa tapisiye: shi ke ɗinka kujerun mota, ya lulluɓe ƙofofi, ya shimfiɗa ƙasa. Rumfarsa tana bakin unguwar Zango a Sokode, bayan mahauta, inda ƙudaje ke zuwa hutawa in sun ƙoshi. Ubansa mutumin Gaya ne, ya biyo fataken goro, zazzaɓi ya kwantar da shi a Sokode, da ya warke bai bi su ba, sai ya yi aure. Illiyasu yana da shekara goma sha biyu aka kai shi koyo wurin Baba Fuseni, wani tsoho mai faɗa ɗan ƙabilar Kotokoli, ya yi shekara tara a hannunsa.

Abin da ya fi kowa iyawa shi ne kashe ƙara. Mota in ta tsufa gwangwani take zama. Kwalta na magana, tsakuwa na magana, taya na nata, kai da ke ciki sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji. Illiyasu yakan tuɓe motar tsaf har ƙarfe. Ya narka kwalta a tsohuwar tukunya ya shafe ƙasan, ya yanka robar cikin taya ya manna tun da zafi, ya ɗora buhun algarara, sannan ya cusa audugar rimi a cikin ƙofofi da yatsa, lungu-lungu, kamar mai yi wa jariri ɗura. Yana yi yana ƙwanƙwasa ƙarfen da gaɓar yatsa. Inda ya ce ƙwal, da saura. Inda ya ce dum, an gama.

Amma akwai ƙa'ida ɗaya da Baba Fuseni ya dasa masa da bulala. A bayan kujera, daidai saman kowace tayar baya, ana barin wuri kamar tafin hannu, ƙarfe tsirara, ba kwalta ba auduga. Sunan wurin kunne. Hanyar arewa doguwa ce, kwaltarta da rana ƙwai take dafawa, kuma taya ba ta fashewa sai ta yi sallama. Kukanta zai sake, fatarta ta ɗago, ta fara tafi, fat-fat-fat. Direban da ya ji sai ya tsaya ya sa safaya. Ta kunnen nan yake ji. Tsohon yakan ce motar da za ta arewa ba a toshe mata kunne, kuma duk wanda ya fito daga hannunsa haka yake yi.

Sai aka shiga babban yajin aikin nan na ƙasa baki ɗaya, a ƙarshen shekarar casa'in da biyu. Makarantu suka rufe, abin da ya tserar da ni daga zagaye na huɗu. Na ɗauki babur ɗin kawuna na fara ɗaukar mutane. Kaya suka daina hawowa daga Lome kamar dā, sabuwar taya ta zama sai labari. Issa mai faci, maƙwabcin rumfar Illiyasu, ya sami sabuwar sana'a: a kawo masa taya mai sanƙo, ya gasa wuƙa a gawayi, ya yanka mata sabon zane. Daga nesa sai ka ce yau aka sauke ta daga jirgi. Amma zanen hannu ba ya daidaita, in ta hau kwalta wani irin kuka take, siriri, dogo, ba ya yankewa.

A watan biyu na sabuwar shekara mutane suka yi ta gudowa daga Lome bayan an buɗe wa taron masu zanga-zanga wuta, kowa da katifa a saman mota. A cikinsu Karim ya iso. Ɗan Dapango ne, yana sayar da tsofaffin motoci kusa da tashar jirgin ruwa ta Lome, kuma abin da ya tsira da shi biyu ne: amaryarsa Hanifa, da wata jar motar tsere mai ƙofa biyu da kujera biyu, kwance a ƙasa kamar ƙadangare. Zango bai taɓa ganin irinta ba. Mahauta suka bar nama suka zo kallo. Na ce wa Karim in ya gaji da ita ya ba ni, ni ma ba zan daɗe ba zan gaji. Bai yi dariya ba. Dogo ne, wankan tarwaɗa, idanunsa ja kamar wanda ya kwana a gaban murhu.

Tayoyinsa na baya sun cinye, irinsu kuwa masu faɗi ko a mafarki babu a Sokode. Issa ya yanka musu zane. Karim ya gwada motar, bai kai fitar gari ba ya dawo ya tsaya gaban rumfar Illiyasu.

“Maigida, an ce kai ne mai kashe ƙara.”

“Ana dai faɗa.”

“Kukan tayoyin nan nake so in daina ji. Dapango zan kai iyali, ba zan iya tafiyar yini da shi a kaina ba.”

Kwana shida Illiyasu ya yi a kan motar nan, ban taɓa ganin ya yi aiki da irin wannan kwaɗayi ba. Ya ce shekara ashirin yana yi wa jakuna sirdi, yau ga doki. Ya shafe madigadi daga ciki. Ya yanka bargon aurensu ya shimfiɗa a but, Yaya Sakinatu ta kwana biyu ba ta gaishe shi ba. Ya canza robar ƙofofi, ya bi gefen gilashi da kyandir yana neman inda iska ke shiga. Da ya gama ya sa ni ciki ya rufe, ya sa Issa ya buga guduma a kan wili. Ina ganin gudumar tana sauka, ba na jin komai sai haɗiyar yawuna.

Da na fito na ce, “Sarki, ka yi wa ɗakinka irin wannan mana. Yaya ta yi ta faɗa, kai kana minshari.”

“Kai zan fara yi wa, Furofesa. In cusa maka auduga a baki, Zango ya huta.”

Suka fita gwaji shi da Karim ta hanyar Blitta. Da suka dawo ina nan, ina shan rake a kan babur. Karim ya zagaya ya ture kujera gaba, ya ɗora yatsa a kan ƙarfen da aka bari.

“Ta nan yake shigowa. Ka manta nan.”

“Ban manta ba. Kunne ne, ba a rufewa.” Ya yi masa bayani kamar yadda tsohon ya yi masa, har da tafin.

Karim ya saurara har ƙarshe. Sannan ya zauna a kan bencin rumfar, ya yi magana ƙasa-ƙasa, har sai da na daina tauna don in ji.

“Maigida, ranar da aka yi harbi ina cikin taron. Ba bindigar ce ta zauna mini ba. Mutane dubu in suna gudu tare, akwai wani sauti da suke yi, ba ihu ba ne, siriri ne. Irinsa ne wannan sak. Ko kaɗan ne ya shigo, hannuna rawa yake a kan sitiyari. In ka bar mini shi, shi zai jefa mu rami kafin tayar ta yi tunanin fashewa.”

“Ka riƙa tsayawa kana dubawa?”

“Duk gari.”

Illiyasu ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ni da na san shi na ga abu biyu a fuskarsa. Tausayi na nan, gaskiya ne. Amma akwai kuma ɗan guntun nan da ya rage tsakaninsa da aikin da ba a taɓa yin irinsa ba a garin. Ya ce a hura wuta a ƙarƙashin tukunyar kwalta.

Ranar Alhamis da hantsi suka tafi, Hanifa ta leƙo ta taga ta yi wa Yaya Sakinatu godiyar dambun da ta ƙulla musu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ya dawo daga arewa ya tsaya wurin Issa ƙara iska a taya, ya ba da labari, bai san gaban wa yake bayarwa ba. Tsakanin Kante da Mango tayar hagu ta baya ta fashe, jar motar ta kauce ta daki bakin kwalbati. Motar ba ta wani lalace ba, ko gilashi bai tsage ba. Ƙirjin mai ita ne ya haɗu da sitiyari, kafin a kai shi asibitin Mango rai ya yi halinsa. Matar ta karye a hannu.

“Abin da ya ɗaure mini kai,” in ji direban, “da ya zo wuce ni tayar tana tafi, ni da ke cikin kamyo ma na ji. Na danna hon, na sake dannawa, na fiddo hannu ina nuna masa. Sai ya ɗago mini hannu shi ma, wai gaisuwa.”

Illiyasu yana riƙe da almakashi. Ya ajiye shi a hankali a kan benci, ya gyara masa zama, kamar abin zai fashe.

Bayan kwana uku ya fara ji. Muna cin tuwo da rana, ya tsaya da loma a hannu, ya karkatar da kai.

“Motar wa ke wucewa?”

Ba mota. Akuya ce kawai a tsakar gida. Na ce wataƙila cikina ne, miyar Yaya ba ta da imani. Bai ji ni ba.

Kukan tayar yankan hannu yake ji, siririn nan, kuma kullum yana jiran ya juye ya zama tafi, ba ya juyewa. A cikin salla yana ji. A kasuwa yana ji, ya fi kasuwar ƙarfi. Likita ya haska kunnen ya ce lafiya lau. Malam ya ba da rubutu, ya sha har leɓensa ya yi baƙi. Ya bar rumfa. Sai a gan shi tsugune gefen motocin da ke tsaye a tasha yana shafa tayoyi, ko a bakin babban titi da rana tsaka yana tsai da direbobi yana ce musu su duba ta baya. Waɗansu su duba, waɗansu su zage shi. Yaran tasha suka sa masa suna Jandarman Taya. Ni da bakina ba ya rufuwa, wannan sunan ban taɓa maimaita shi ba sai yau da na rubuta.

Abu ɗaya yake maimaitawa in mun zauna. “Motar akwai rediyo mai kaset. In ya ƙure waƙa, ko kunne goma na bari ba zai ji ba. Ko kuma ya ji, ya ce bari ya kai Mango. Samari haka suke. Ka gane, Wahabu? In haka ne, ba hannuna ba ne.” Ya daina ce mini Furofesa, abin ya fi komai tsorata ni.

Mutum ɗaya ce ta sani, Hanifa, ita kuwa tana takaba a Dapango. Yaya Sakinatu ta ƙirga kwanakin da kanta. Da suka cika, damina ta riga ta sauka, ta kira ni bayan ɗaki.

“Ka kai shi Dapango ya tambaye ta. Ko me za ta ce, ya fi wannan.”

“In ta ce abin da ba ya so fa?”

“Kai dai kai shi. Babur ɗin nan ban da yawon banza bai taɓa yin wani abu ba.”

Muka tashi bayan asuba. Shinge bakwai muka wuce, waɗansu masu kaki, waɗansu samari da gungumen ice, kowa yana tambayar ina muka nufa, wa muke goyon baya. Na ce musu ni dai surukina nake goyo, ga shi nan a baya. Ban da shingayen, Illiyasu ya tsai da ni sau goma sha ɗaya don ya taɓa tayar babur. Muka bar Kante a baya. Kwalbatoci suna da yawa a wannan miƙaƙƙiyar hanya, duk ciyawa ta rufe su, ba mu san wanne ba ne. Duk wanda muka wuce sai in ji yatsunsa sun nutse a kafaɗata.

Da la'asar muka shiga Dapango. Gidan mahaifin Karim ba ya ɓata, tsohon ɗan kasuwar shanu ne da kowa ke ce wa Alhaji. Muka yi masa ta'aziyya a zaure. Illiyasu ya faɗi ko shi wane ne, bai rage komai ba, har tukunyar kwaltar. Alhaji ya ja carbi ya ce kwana ne ya ƙare, ba taya ba ce, ba tela ba ne. Illiyasu ya ce haka ne, amma yana roƙon a bar shi ya yi wa yarinyar tambaya ɗaya.

Hanifa ta fito da surukarta, suka zauna a kan tabarma a tsakar gida. Ta rame, hannun ya ɗore amma a ɗan karkace. Ta gane shi tun kafin ya yi magana.

“Malam mai ɗinki.”

“Ni ne. Ya haƙuri?”

“Da godiya.”

Ya murza hularsa a hannu. “Ranar nan, rediyo a kunne take?”

“A'a. Tun Lome ba ya son rediyo.”

“Bai ce miki yana jin wani abu ba? Daga baya, kamar ana tafi?”

“Ba mu ji komai ba.”

Surukar ta ce, “Allah ya riga ya rubuta, ɗana.” Hanifa ba ta dube ta ba.

“A Bafilo ya tsaya ya duba, a Kara ma, a Kante ma, kamar yadda ya yi maka alkawari. Bayan Kante babu gari kusa. Magana yake yi. Tun da muka baro Lome ban ji ya haɗa magana uku a jere ba, ranar nan kuwa tun daga Sokode bakinsa bai tsaya ba. Ya ba ni labarin yadda ya ɓatar da saniyar Alhaji yana yaro, da wani malaminsu mai tsoron kwaɗi. Har numfashinsa ina ji. Ya ce in mun koma kudu sai ya kawo maka yadi. Yana cikin faɗin kalar yadin ne tayar ta fashe.” Ta gyara mayafinta. “Wata huɗu ina juya abin nan, Malam. Ban san ko in gode maka ba, ko in bar ka da Allah. Har yanzu ban sani ba. In ka zo ne in ce maka ya ji, bai ji ba.”

Illiyasu ya gyaɗa kai, ya yi ta gyaɗawa. Can ya ce, “Motar tana ina?”

Tana bayan gida ƙarƙashin dogon yaro, inda aka jawo ta aka ajiye. Gaban hagu ya lotse, tayar nan ta zama tsumma, ganye ya rufe rufin. Ya zagaya ta sau ɗaya. Na ɗauka ƙarfen zai ɓanɓare, ko ya yi kuka. Sai ya buɗe ƙofar direba ya shiga, ya ja ta. Ta rufu da ɗan sautin nan mai taushi, dum.

Na jira. Na ƙwanƙwasa gilashi, bai waiwayo ba. Na zagaya gaba na kira shi Sarkin Mazaunai, na ce fito kafin a ce mun zo sata. Ina ganin fuskarsa ta gilashi. Kan nan da ya yi wata huɗu a karkace ya miƙe. Kafaɗunsa suka sauko. Idonsa biyu, hannuwansa a cinya, bai taɓa sitiyarin ba. Na koma gindin bishiya na zauna.

Sai da aka kira magariba ya fito. Ya tsaya riƙe da ƙofar.

“A ciki ba na jinsa, Wahabu. Ya tsaya cak.”

“To alhamdu lillahi. Ka warke ke nan, mu nemi masauki.”

Ya saki ƙofar, ya yi taku uku. A na huɗu kan ya sake karkacewa.

Ni kaɗai na koma Sokode. Yaya Sakinatu ta saurare ni har na gama, ta shiga ɗaki ta fara naɗe tabarmi. Bayan damina ta bi shi da yara.

Yau shekara biyu ke nan. Yana da 'yar rumfa kusa da tashar Dapango, yana ɗinka sirdin babur da katifu, aikinsa yana da kyau kamar dā, amma ko kujerar mota aka kawo masa a hannu ba ya karɓa. Kullum bayan azahar yakan rufe rumfa ya tafi gidan Alhaji, ya gaisa a zaure, ya wuce bayan gida ya zauna a cikin motar kamar rabin awa. Da wannan rabin awar yake iya sauran yinin. Hanifa ta yi aure ta koma Mango. Sau biyu masu saye suna zuwa, Alhaji ya ce ba ta sayarwa ba ce, bai faɗi dalili ba.

Da ƙaramar salla na je gaishe su, na raka shi. Ɓeraye sun sami hanya ta ƙarƙashi, audugar rimi tana fitowa ta gindin ƙofa, fara-fara a kan ƙasa. Robar gilashin ta tsattsage da rana. Ya shiga, bai yi minti goma ba ya fito. Ya ce yanzu kukan yana ɗan shigowa, kaɗan-kaɗan, ta gefen hagu.

Na ce, “To Sarki, ga allura a hularka, ga auduga a rumfa. Aikin yini ɗaya ne a wurinka. Ka toshe mana.”

“Hannuna ba zai sake rufe komai a motar nan ba.”

“In suka gama cinyewa fa?”

Yana sauraren wani abu can bayana, ta wajen hanyar Mango, har ni ma sai da na waiwaya.